Muhawara: An ba Mama ƙwayoyin homiyofati, ta ajiye maganin hawan jininta

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka sani, domin kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Mahaifiyarmu ta shekara takwas tana shan maganin hawan jini. Watan jiya wata ƙawarta ta haɗa ta da wani mai maganin da suke kira homiyofati. Ya zaunar da ita fiye da awa guda yana yi mata tambayoyi, har da irin mafarkin da take yi, da ko ta fi jin daɗin zafi ko sanyi, da abin da ke ɓata mata rai. Daga nan ya ba ta wata 'yar kwalba mai ƙananan fararen ƙwayoyi masu zaƙi, an rubuta Natrum muriaticum 30C a jiki. Ya ce ta riƙa sa uku a ƙarƙashin harshe, kada ta taɓa su da hannu, kuma ta riƙa rage na asibiti a hankali, wai danne ciwon kawai yake yi. Sai shekaranjiya na gano ashe ba ragewa ta yi ba, ajiyewa ta yi gaba ɗaya, yau mako biyu ke nan. Ta ce jikinta ya yi sakayau, kumburin ƙafarta ma ya saɓe. Na rasa ta inda zan ɓullo mata. Wannan magani na gaskiya ne? In bar ta ta ci gaba?

Sista Rabi:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, kafin kowa ya shiga dogon bayani, abu ɗaya zan roƙe ki: a gwada jininta yau, ba gobe ba. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum yana iya yawo da jini a sama ƙwarai yana jin garau, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta taɓu. Jin sakayau ba ma'auni ba ne a wannan ciwon, na'urar gwaji ce ma'auni. In ta yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko ido ya dushe, ko harshe ya yi nauyi, ko ƙirji ya riƙe, kada ku jira komai, ku wuce asibiti kai tsaye.

Baban Khalil:
Allah ya ba Mama lafiya. Maganar gwada jini gaskiya ce, ban ja ba. Amma ina roƙon kada a yi wa homiyofati kuɗin goro. Ni na sha. Shekara uku ina fama da toshewar hanci da atishawar da ba ta ƙarewa, na sha magungunan asibiti har na gaji, barci kawai suke sa ni. Da aka ba ni Allium cepa, ko wata biyu ban yi ba na samu sauƙi. Jiki magayi, ba labari aka ba ni ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hajiya Babba:
Ni kam ku fahimtar da ni, 'ya'yana. Wannan ba shi ne maganin itatuwa da saiwoyi ba, sai dai an zuba shi a kwalbar zamani? In shi ne, ai tun kafin a gina asibiti ake sha ana warkewa.

Malam Nuhu:
Hajiya, ranki ya daɗe, tambayarki ita ce ƙofar maganar, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ba ɗaya ba ne. Mai maganin itatuwa yana ba ki ganye ko ɓawo ko saiwa, kuma akwai sinadari na gaske a ciki, ko ya yi amfani ko ya yi illa. Daga irin wannan hanyar aka samu magungunan zazzaɓin cizon sauro: kwinin a ɓawon itacen sinkona, da atemisinin a wani ganye na ƙasar Sin, wanda ya sa aka ba Tu Youyou lambar Nobel a 2015. Homiyofati wani tsari ne daban, kuma an san wanda ya ƙirƙiro shi da lokacin da ya yi.

Wani likitan Jamus ne, Samuel Hahnemann, an haife shi a garin Meissen a 1755, ya rasu a Faris a 1843. A 1790 yana fassara littafin magunguna na likitan Sikotilan William Cullen, sai ya zo kan bayanin ɓawon sinkona da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi. Bayanin bai gamsar da shi ba, sai ya sha ɓawon da kansa alhali lafiyarsa ƙalau. Ya ce ya ji alamomi irin na zazzaɓin. Daga nan ya yanke cewa abin da ke haddasa alamar ciwo ga mai lafiya, shi ne zai warkar da mai wannan ciwon. Ya wallafa ra'ayin a 1796, sannan a 1810 ya fitar da littafinsa Organon, wanda har yau masu wannan sana'a ke bi. Shi ya sa Allium cepa ɗin da aka ba Baban Khalil albasa ce: tunda tana sa hawaye da yoyon hanci, sai aka ce ita ce maganin yoyon hanci. Mai rashin barci kuma a ba shi Coffea, wato kofi. Natrum muriaticum da aka ba Mama kuwa gishiri ne, da sunansa na Latin.

Maman Ilham:
Innalillahi. Malam, gishiri? Ga mai hawan jini?

Malam Nuhu:
Kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren, 'yar'uwa. Babu gishiri a cikin ƙwayoyin nan, ko ƙwaya ɗaya. Kuma wannan shi ne ainihin abin da nake so a fahimta, don haka ku yi haƙuri da ni in ɗan tsawaita, shekara goma sha huɗu nake koyar da ilimin sinadarai.

Hahnemann ya ga cewa wasu abubuwan da yake ba mutane guba ne, kamar asanik da zaiba, sai ya fara sirka su da ruwa ko barasa don rage illa. Daga baya ya zo da ra'ayin cewa iya sirkawa iya ƙarfin magani, muddin ana girgiza kwalbar da ƙarfi a kowane mataki. Harafin C da kika gani yana nufin ɗari. A ɗebi ɗigo 1 na abin, a zuba a ɗigo 99 na ruwa, a girgiza: 1C ke nan, kashi ɗaya cikin 100. A ɗebi ɗigo 1 daga wannan, a sake zubawa a sabon ɗigo 99: 2C ke nan, ɗaya cikin 10,000. A 3C an kai ɗaya cikin miliyan. A 6C ɗaya cikin tiriliyan. Kowane mataki sifiri biyu yake ƙarawa. To 30C na nufin an maimaita sau 30, wato lamba 1 da sifiri 60 a bayanta.

Matsalar ita ce abu ba ya rabuwa har abada. Gishiri ƙwayoyi ne ƙanana masu iyaka, kuma an san adadinsu: a cikin giram 58 na gishiri akwai kimanin lamba 6 mai sifiri 23 a baya. Wannan ita ake kira lambar Avogadro. Da an kai 12C an riga an raba da lamba mai sifiri 24, wato an wuce adadin ƙwayoyin da aka fara da su. Daga nan samun ƙwaya ɗaya tak a kwalbar ya zama sa'a. In kuna son misali, 13C bai ma kai a ɗiga ɗigo guda a ruwan tekunan duniya gaba ɗaya a gauraya ba. Kuma daga 13 zuwa 30 akwai sauran matakai 17, ana ta sirka ruwa da ruwa. A ƙarshe sai a ɗiga wannan ruwan a kan ƙwayoyin sukari, a bari ya bushe. Abin da Mama take sa wa a ƙarƙashin harshe ke nan.

Ba na zargin Hahnemann da yaudara. A zamaninsa ba a san girman waɗannan ƙwayoyi ba, sai a 1865 Josef Loschmidt ya fara ƙiyasta shi, shekara 22 bayan rasuwarsa. Shi bai sani ba. Masu sayarwa a yau ba su da wannan uzurin.

Abu Yasir:
Malam Nuhu, da girmamawa, lissafinka babu kuskure, amma masu homiyofati ba su taɓa cewa sinadarin ne ke aiki ba. Cewa suke girgizawar tana barin tasirin abin a jikin ruwan, ruwa yana riƙe shi kamar yadda ake tuna abu. Na yi karatu a Indiya, na ga yadda abin yake a can. Gwamnati ta kafa ma'aikata sukutum mai suna AYUSH a 2014, homiyofati na cikinta. Akwai kwalejoji, ana yin digirinsa shekara biyar da rabi, akwai asibitoci, miliyoyin mutane na zuwa. A Ingila ma Sarki Charles ya daɗe yana goyon bayansa. Duk waɗannan ba su san lissafi ba ne? Sannan allurar rigakafi fa, ba ita ma ɗan ƙaramin abin da ke kawo cutar ake sa wa mutum ba?

Malam Nuhu:
Tambayoyi masu kyau, Abu Yasir. Maganar tunanin ruwa an gwada ta, ba watsi aka yi da ita ba. A 1988 wani masani ɗan Faransa, Jacques Benveniste, ya wallafa a mujallar Nature cewa ruwan da aka sirka har babu komai a ciki yana motsa wasu ƙwayoyin jini. Editan mujallar, John Maddox, ya je ɗakin gwajin da kansa tare da mutum biyu. Suka sa aka maimaita gwajin, amma aka rufe sunayen kwalaben yadda mai dubawa bai san wacce ce wacce ba. Tasirin ya ɓace. Kuma mun san ƙwayoyin ruwa ba sa zama wuri ɗaya, haɗuwarsu da rabuwarsu na faruwa cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba. A ina tunanin zai zauna? In ma ya zauna, me ya sa ruwan zai tuna gishirin da aka sa masa, ya manta da ƙasa da bututu da duk abin da ya ratsa kafin ya iso kwalbar? Balle ma ruwan ya bushe, sukari ya rage.

Rigakafi kuwa nesa ba kusa ba. A cikin allurar akwai abu na gaske da ake iya aunawa, kuma bayan an yi ta ana iya ɗiban jinin mutum a ga garkuwar da jiki ya haɗa. Ba haka homiyofati yake ba.

Ummu Aiman:
Ni mai harhaɗa magunguna ce, bari in amsa ɓangaren gwamnatoci, tunda Yaya Abu Yasir ya kawo shi. In yawan ƙasashe ne hujja, to a duba waɗanda suka zauna suka auna shi. A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa nazarin da ya kwatanta gwaje-gwajen homiyofati 110 da na magungunan asibiti 110. Da aka tsaya kan manya masu inganci, sai tasirin homiyofati ya yi daidai da na holoƙon ƙwaya, wadda likitoci ke kira filasibo. A 2010 kwamitin kimiyya na majalisar dokokin Birtaniya ya kai ga wannan matsayar, kuma a 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta ce babu ciwo ko ɗaya da aka samu tabbatacciyar shaida cewa homiyofati na maganinsa. Faransa ita ce gidan kamfanin Boiron, ɗaya daga cikin manyan masu haɗa shi a duniya, amma daga 1 ga Janairun 2021 inshorar lafiyar gwamnatinsu ta daina biyan kuɗinsa kwata-kwata.

Shi wannan kamfanin yana da maganin mura mai suna Oscillococcinum, ana haɗa shi daga hanta da zuciyar agwagwa, a sirka har mataki 200. Lamba 1 da sifiri 400 ke nan. Ku duba bayan kwalin, za ku ga abin da ke cikin kowane giram sukari ne iri biyu.

Baban Khalil:
To duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya gaya mini yadda aka yi na warke. Ko kuna nufin ƙarya nake yi? Ko ciwon nawa a kai yake? Abin da ke ɓata wa mutane rai da ku masu ilimin boko ke nan, mutum ya ce ga abin da ya same shi, ku ce littafi bai faɗa ba.

Shugaban Zaure:
'Yan'uwa a sassauta. Ba wanda ya ƙaryata wani. Kuma mu tuna akwai uwa mara lafiya a tsakiyar maganar nan.

Likita Bilkisu:
Yanzu na fito daga aiki na tarar da wannan. Baban Khalil, wallahi na yarda ka samu sauƙi, kuma ba na cewa ciwonka a kai yake. Abin da muke saɓani a kai shi ne dalilin sauƙin, ba sauƙin kansa ba.

Ka duba yadda irin ciwonka yake. Toshewar hanci da atishawa suna hawa suna sauka, suna bin yanayi da ƙura da inda mutum yake kwana da aiki. Yaushe mutum ke tashi neman sabon magani? Ranar da abin ya kai maƙura. Daga maƙura kuwa ina za a je in ba ƙasa ba? Duk abin da ka sha a wannan makon shi zai karɓi yabo, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Mu ma a asibiti wannan yana ruɗarmu, muna rubuta magani mutum ya warke mu ɗauka mu ne, alhali jikinsa ne ya yi aikinsa. Shi ya sa ba ma yarda da ganin idonmu kaɗai. Sai an raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan holoƙo mai kama da shi, likita bai san wa ya samu me ba, mara lafiya ma bai sani ba, sannan a ƙirga. Wani abin sha'awa, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko irin wannan a tarihi a kan homiyofati aka yi shi, a birnin Nuremberg a 1835, kuma da gishiri 30C ɗin nan na Mama. Aka cakuɗa kwalaben da na ruwa zalla aka raba wa jama'a. Mafi yawansu ba su ji komai ba, ko wacce kwalba suka samu.

Sannan akwai abin da sa rai ke yi. Wanda aka zaunar aka saurare shi, aka ba shi abu da tabbacin zai yi aiki, zafin da yake ji yakan ragu, damuwa ta ragu, barci ya gyaru. Wannan gaskiya ne, an auna shi. Amma yana da iyaka: yana taɓa yadda kake jin ciwo, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya saukar da sukarin jini, ba ya narkar da ƙari. An taɓa gwadawa da masu asma: waɗanda aka ba abin shaƙa na holoƙo sun ce sun ji sauƙi kusan kamar waɗanda aka ba na gaske, amma da aka auna numfashinsu da na'ura, na masu maganin gaske ne ya buɗe sosai. Wannan shi ne abin da ke tsorata ni game da Mama.

Abu Yasir:
Likita, to tarihin kwalara fa? An san a annobar Landan ta 1854 mutanen da suka mutu a asibitin homiyofati ba su kai na sauran asibitoci ba, nesa ma. Wannan ai ba sa rai ba ne.

Likita Bilkisu:
Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Amma ka tambayi abin da sauran asibitocin ke yi a lokacin. Tsaga jijiya suke su zubar da jini, su ba da maganin zaiba mai sa zawo, su ba da mai sa amai, ga mutumin da ruwan jikinsa ke ƙarewa. Ko George Washington, shugaban Amurka na farko, a 1799 jini mai yawa likitocinsa suka zubar masa a kan ciwon maƙogwaro kafin ya cika. A irin wannan zamanin, wanda ya ba ka ruwa da sukari ya bar ka ka huta ya fi wanda ya tsaga ka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hahnemann ya yi daidai da ya tsani wannan aika-aika, kuma ina girmama shi a kan haka. Sai dai likitanci ya bar wurin tuntuni: aka gano ƙwayoyin cuta, aka samu insulin a farkon shekarun 1920, aka samu fenisilin, aka samu ruwan gishiri da sukari na masu gudawa wanda ya ceci miliyoyin yara. Homiyofati kuwa yana nan inda 1810 ta bar shi.

Hajiya Babba:
Na gane yanzu, Allah ya yi muku albarka. Amma 'yata Likita, bari in faɗa miki wata gaskiya, kada ki ji haushi. Laifi tudu ne. Ni ma ina da hawan jinin nan. Na je asibiti na yi awa huɗu a layi, da na shiga ko ɗago kai likitan bai yi ba, ya rubuta ya miƙo mini. Na ce masa maganin yana sa ni tari da daddare, ya ce in ci gaba da sha. To in wani ya zaunar da tsohuwa awa guda yana tambayarta yadda take kwana da abin da ke damun zuciyarta, don me ba za ta bi shi ba? Mahaifiyar yarinyar nan ba wauta ta yi ba. Inda aka ga mutuncinta ta je.

Likita Bilkisu:
Hajiya, ban da abin cewa sai dai in ba ki haƙuri a madadinmu. Abin da kika faɗa haka yake, kuma ya fi duk lissafin da muka yi zafi a wurina. Tarin nan ma sananne ne, akwai rukunin maganin hawan jini da ke jawo busasshen tari, kuma ana canza shi da wani cikin sauƙi. Don Allah ki koma ki nace, ko ki nemi ganin wani likitan, amma kada ki ajiye da kanki.

Kuma maganarki ta tuna mini abin da na tsallake. Maman Ilham, kin ce kumburin ƙafar Mama ya saɓe da ta daina sha. Duba mini kwalin maganin, me aka rubuta?

Maman Ilham:
Amlodipine 10mg, Likita.

Likita Bilkisu:
To ga bakin zaren. Kumburin ƙafa na cikin sanannun illolin wannan maganin, musamman a 10mg. Ba ƙwayoyin sukarin ne suka saɓar da ƙafar ba, daina shan wannan ne. Mama ta yi gaskiya da ta ce ta ji sauƙi, sai dai ta sayi sauƙin ƙafa da haɗarin shanyewar jiki. Mai yiwuwa ta daɗe tana kukan ƙafar ba wanda ya kula. Ki gaya wa likitanta wannan ƙarara, akwai hanyoyi: a rage shi a haɗa da wani, ko a canza gaba ɗaya.

Ummu Aiman:
In ƙara abu ɗaya, don na ga ana yawan cewa ko bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa. Ba kullum ba. Waɗanda ba a sirka sosai ba, irin masu 2X ko 3X (harafin X na nufin kashi ɗaya cikin goma a kowane mataki), akwai sinadari a cikinsu, kuma wasu daga guba ake haɗa su. A 2016 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi iyaye kan ƙwayoyin homiyofati na fitar haƙoran jarirai, daga baya gwajinta ya nuna adadin gubar belladonna a cikinsu ba daidai yake ba, wata ƙwayar ta fi abin da aka rubuta nesa. A 2009 ma ta yi gargaɗi kan wani na hanci mai suna Zicam, saboda mutane da dama sun kai ƙarar sun daina jin ƙamshi. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da homiyofati wajen tarin fuka, da ƙanjamau, da zazzaɓin cizon sauro, da mura mai tsanani, da gudawar jarirai.

Abin da ya fi damuna shi ne koyarwar da ke cewa in ciwo ya ƙaru bayan an fara sha, alama ce magani ya kama. Da wannan maganar ake zaunar da mutum a gida daidai lokacin da ya kamata a ruga da shi asibiti.

Baban Khalil:
Ni dai ban fasa ganin ya yi mini amfani ba, kuma in hancin ya dawo wataƙila in sake sha. Amma ban taɓa sanin ana ce wa mai hawan jini ya bar maganinsa ba. Wannan ban goyi baya ba ko kaɗan. Wanda ya ba ni nawa bai taɓa ce mini haka ba. Maman Ilham, ki bi maganar Sista da Likita.

Abu Yasir:
A nan ni ma muna tare. Ko a Indiya na ga masu wannan sana'a da ke tura mai ciwon suga da hawan jini asibiti. Maganar gwajin Benveniste kuma zan je in karanta da kaina, Malam Nuhu, ban san an rufe kwalaben an sake ba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Saura yadda zan tunkare ta. In na ce mata sukari take sha, za ta ga na raina ta, na kuma raina ƙawarta. Hajiya, ke uwa ce, yaya zan yi?

Hajiya Babba:
Kada ki fara da kwalbar, 'yata. Ki fara da ƙafar. Ki zauna kusa da ita ki ce, Mama ashe ƙafar nan ta daɗe tana damunki ba mu lura ba, ki yafe mana. Ki bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta, kada ki katse ta. Sannan ki ce kin ji akwai maganin da ba ya kumbura ƙafa, ki roƙe ta ku je tare a gwada jinin don hankalinki ya kwanta. Uwa takan yi don ɗanta abin da ba za ta yi don kanta ba. In kina da yaya namiji ko ƙanin mahaifiyar da take jin maganarsa, ki sa shi a ciki. Kwalbar kuma kada ki ɓoye ta, kada ki zubar, in ta gane kin yi haka ba za ta sake gaya miki komai ba.

Sista Rabi:
Ki tafi da kwalbar da kwalin tsohon maganin duka ki nuna wa likita, ki kuma faɗi ranar da ta daina sha. Kada ki mayar da ita kan maganin da kanki a ninka don a rama kwanakin da suka wuce.

Maman Ilham:
Salam 'yan'uwa, na dawo da bayani. Na yi yadda Hajiya ta ce. Da na ambaci ƙafar sai Mama ta yi shiru, can ta ce wata bakwai tana fama, takalminta ma ya daina shigarta, sau biyu tana faɗa a asibiti ana ce mata ta riƙa ɗaga ƙafar. Ni kaina ban sani ba, kuma gida ɗaya muke. Mun je da yamma ni da yayana. Jinin ya kai 178 bisa 104. Da ta ga lambar da idonta jikinta ya yi sanyi, domin ita ta san inda yake tsayawa da. Likitar da muka samu ta saurare ta sosai, ta canza mata magani, ta sa a yi gwajin ƙoda, ta ce mu dawo bayan mako biyu, kuma mu riƙa aunawa a gida safe da yamma muna rubutawa.

Kwalbar tana nan a kan durowarta. Ta ce za ta ci gaba da sa ukun nan a ƙarƙashin harshe, na nuna wa likitar ta ce wannan ɗin ba zai hana sabon maganin aiki ba, muddin ba ta sake ajiye na asibiti ba. Mama ta yi mini alkawari a gaban yayana. Ƙawar tata ce yanzu a raina, don ita ciwon suga gare ta, kuma wurin mutumin nan take zuwa. Gobe in Allah ya kai mu zan kira 'yarta.

Likita Bilkisu:
Alhamdulillah. Ki kira ta yau in da hali, ki tambaye ta ko mahaifiyar tata na kan allurar insulin ne, da ko ta rage ko ta daina. In ta daina, a auna sukarinta a daren nan.